Na Je Maiduguri Ɗauko Habu

Potiskum zuwa Benisheikh

Ina sallame Asuba na fita, uwar Habu tana bina har zaure tana cewa, "Malam, ko a ɗaure ne ka kawo min shi." Labari ya zo mana cewa 'yan jami'a sun tashi, an kama wasu, kuma ɗanmu yana sahun gaba. Lokacin soja ne. Ni kuwa fatoma ne a kara, mai saukar da baƙin fatake a kasuwar shanu, bokona bai wuce na yaƙi da jahilci ba, abin da na sani shi ne ban sayar da bijimai don yaro ya je ya ruɓe a kurkuku ba.

Fijo muka hau, gwiwata a haƙarƙarin wani. A Damaturu muka sha koko da ƙosai a tsaye. A shingen Benisheikh soja ya leƙo, ya sauke samari biyu saboda an ga littattafai a jakarsu. Direba ya ce, "Baba, kwanan nan gara a kama ka da wuƙa."

Abbaganaram

A wannan unguwa ta Maiduguri na sauka wajen Ba Modu, tsohon abokin cinikina. Ya yi min wushe wushe, sannu da zuwa ke nan a yarensu, aka kawo burabisko da miyar kuka, na ci ban ji ɗanɗano ba. Shi ya faɗa min tushen maganar. Wani babba ne ya kewaye gonakin wani ƙauye a wajen Konduga da waya. Manoma suka yi ƙara aka kore su, sai ɗalibai suka rako su cikin gari a ƙasa.

Na ce, "Gonar ubansu ce?"

Ya ce, "Tashi mu je ka tambaye su."

Bakin caji ofis

Na zaci zan tarar da jifa da ihu. Sai na ga yara zaune a ƙasa layi-layi cikin ranar bazara, ba mai ko tsinke a hannu. Inuwar dalbejiya ɗaya ce a wurin, sun bar wa tsofaffin manoma. Da aka kira Azahar, Kiristocin cikinsu suka miƙe suka kewaye masu salla har aka idar. Wata yarinya siririya ce ke magana da 'yan sanda, ba ta ɗaga murya, ba ta kuma ja da baya.

Na hango Habu, ya rame, leɓe duk ya tsage. Ya taso ya durƙusa.

"Tashi, mota na jira."

"Baba, ka yi haƙuri. An saki duk wanda iyayensa suka zo. Saura Bitrus. Babansa ya rasu, mamarsa tana can bayan Biu. In ba a samu dattijon da zai tsaya masa ba yau, gobe gidan yari za a kai shi."

"Wane Bitrus?"

"Wanda muka zo Sallah tare. Mai son dambun nama."

Sai na tuna shi, dogo mai dariya, kwana uku ya yi a zaurena har ya taya ni ba shanu dusa. A sana'armu duk wanda ya kwana a zaurenka ya ci tuwonka, baƙonka ne. In rigima ta same shi a kasuwa kai ake nema, in ka noƙe ba mai ƙara sauka a gidanka. Tun daga kakana haka muke.

Na shiga, Ba Modu yana bayana yana jan carbi da ƙarfi. Mai igiya uku ya dube ni sama da ƙasa.

"Alhaji, ɗanka ne?"

"Baƙona ne."

"Ka san in ya gudu kai za mu rufe?"

"Mutanen Chadi ma na tsaya musu, balle na Biu."

Ɗan sandan ya ce dole sai an haɗa da mai gida a cikin gari, Ba Modu ya yi tsaki ya miƙa yatsa, muka dangwala tare. Da Bitrus ya fito, ido ɗaya a kumbure, yaran nan ba su yi sowa ba. Miƙewa suka yi gaba ɗaya, har manoman. Na rasa inda zan sa fuskata.

Na ƙara ce wa Habu mu tafi. Ya ce, "Baba, wayar tana nan a gonar." Na cire hulata na kifa masa saboda rana.

Komawa gida

Washegari na bi motar shanu da ta juyo ba kaya, ƙashin bayana har yau bai yafe min ba. Na iso bayan La'asar. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Ba Modu, na gode wa 'ya'yan mutane da suka zauna a rana don gonar da ba za su ci ko zangarniya ɗaya a cikinta ba.

Uwar Habu ta leƙa bayana ta ga ba kowa.

"Ina yake?"

"Yana can, da ƙafafunsa."

"Ka baro shi?"

"Na baro shi. Ranar Litinin ma zan koma, ina da yaro a kotu. Ki yi dambu da yawa, su biyu ne yanzu."