Inna Atine Mai Allon Amare

A da, da hantsi ya yi, za ka ga Inna Atine ta ɗora kwando a ka tana bin sababbin gine-ginen Gummi. Ba talla take ba. Wurin masu fenti take zuwa, ta gaishe su, su miƙo mata 'yan siraran katakon da suka gama dama fenti da su. Su a wurinsu shara ce. Har tsokanarta suke yi: "Inna, wai tuwo kika tuƙawa da su?" Sai ta ce, "Awo, ɗan nan, in an jima ka taho da miya."

Marigayi mijinta, Malam Hammadu, mai fenti ne, a hannunsa ta san waɗannan katakai. In ta dawo gida sai ta shanya su, ta goge kaifinsu a kan dutse, ta jera shuɗi kusa da kore, kore kusa da ruwan ƙwai, ta ɗaure su da zare kamar asabari. Sannan ta gasa ƙusa a garwashi, ta ƙona zane a jiki yadda matan Fulani ke yi wa ƙwarya, ta sa sunan amarya da ajami a tsakiya. Shi ne allon da ake ratayawa a saman gadon amarya. Fentin da ya manne a katakon shi ne adon, ba ta taɓa sayen ko gwangwani ɗaya ba.

Wani zai ce, to sai me? Mu mata mu muka san sai me. Ranar kallon ɗaki bakinmu yana guɗa, idonmu yana kan bango. Amaryar da aka iske saman gadonta fayau, wallahi kafin la'asar labari ya kai rijiya. Wannan kunyar Inna Atine ta daɗe tana ɗauke wa 'ya'yan marasa ƙarfi. Abin da aka ba ta ta karɓa, in ba a ba ta ba ta yi wa amarya addu'a.

Akwai abin da na gani da idona, a daminar da aka yi bikin Zinatu, marainiyar da ke hannun kakarta Dija. Ruwa ya tsayar da aikin fenti, kwando ya yi ta dawowa ba komai, ga idon Inna ya fara hazo. Ana gobe jere Dija ta shigo, ta zauna, ta fashe da kuka.

"Haba Dija, mi kika ma kuka?" in ji Inna Atine. "Bangon ɗiyarmu ba shi kwana hakanan."

Ta miƙe ta shiga ɗakinta, ta sauko da allon da ke rataye a saman gadonta. Shi ta fara yi a duniya, da katakan da Malam Hammadu ya bari a aikinsa na ƙarshe. Na ce, "Inna, wannan fa?" Ta harare ni. "Hura mini wuta ke dai." Ta juya bayan allon, tana laluben katakon da yatsa, ta ƙona sunan Zinatu. Rubutun ya ɗan karkace. Washegari mata suka cika ɗakin, ban ji wadda ta ce uffan ba, sai sambarka.

Inna Atine, rufin asirin amare, ke ce kika sa iyayen da ba su da shi suka shiga ɗakin 'ya'yansu kai a ɗage. Mun gode. Allah ya saka miki, ya jiƙan Malam Hammadu.

Bana idon ya ƙi, ta ajiye kwando. Ina tausayinta, ina kuma jin haushinmu, don har yau ba wadda ta zauna ta koya. Masu fenti, ku daina jefar da katakan nan, ku aika mata. Ku kuma iyaye, ku tura 'yan matanku su koya tun tana iya nuna musu da hannu. Wadda ta fara iyawa, don Allah ta fara da ɗakin Inna. Har yanzu ba komai a saman gadonta sai ƙusa.