Takardar Zuciyata daga Jiratawa zuwa Tibiri

Mun tashi da asuba daga Jiratawa, ni da ƙanena a kan babur, takardar awon zuciyata na cikin aljihu. Makon jiya aka yi mini awon a Maraɗi, saboda ƙirjina da ke matsewa in ina ban-ruwa a lambu. Aka ɗora ni kan keken da ba ya zuwa ko'ina, na yi ta tuƙi, na'ura na ɗaukar hoton zuciyar. Kalma ɗaya na iya karantawa a takardar: pozitif, wato an ga matsala. Tun ranar abinci bai yi mini daɗi ba.

Hanya cike take da mata masu kai zogale kasuwa. A Sabon Gari ƙanena ya saya mana ƙosai, ban ci ko ɗaya ba. Ina ta tuna mahaifinmu: a gona ya faɗi bai tashi ba, yana da shekaru kamar nawa na yanzu.

A asibitin da ke unguwar Zariya a Maraɗi likita ta jera hotuna biyu a gabana.

"Malam, wannan zuciyarka ce kana hutawa, ko'ina na matsawa daidai. Wannan kuma kana kan keke. Ka ga gefen nan ya yi sanyi? Jini ba ya isarsa in aiki ya yi yawa."

Na ce, "Wurin ya mutu ke nan?"

"Bai mutu ba. Alama ce jijiyar da ke kai masa jini ta ƙuntace. Za ka fara magani, ka bar taba, sannan a sake wani awo a ga yawan ƙuncin."

Daga nan muka wuce Tibiri wajen Inna, mahaifiyarmu. Duk hanya ina shirya ƙaryar da zan yi mata. Ta dama mana fura, ta kalle ni ta ce, "Faɗa mini yadda yake." Na faɗa. Sai ta ce, "Ubanku shekara guda yana dafe ƙirji, bai gaya wa kowa ba sai ni, ni kuma na yi shiru."

Da la'asar muka iso gida. Tsoron bai tafi ba, amma yanzu na san abin da nake tsoro da inda yake. Kafin in cire takalmi na kira matata na ce ta zauna, akwai magana.