Tsohon Kwalin Maganin Baba Ɗanlarai

"To shekara nawa ke nan kana shan wannan ɗin, Baba?" in ji Roda, tana jujjuya tsohon kwalin maganin da ya zaro daga aljihu.

Baba Ɗanlarai ya ce sha huɗu, kuma ko rana ɗaya bai taɓa tsallakewa ba. Da alfahari ya faɗa.

Duk unguwar Fadaman Mada an san shi da wankin hula. Tun yana saurayi yake sunkuye a kan baho, ya wanke, ya sa sitaci, ya kifa a kan katako, ya jera a rana. Har daga GRA ake aiko masa da huluna. Yana ɗan sittin hawan jini ya kama shi, likita ya rubuta masa magani. Daga ranar bai sake taka asibiti ba. In maganin ya ƙare, sai ya kai kwalin kemis a ba shi irinsa.

Bana ne jiri ya fara ɗibarsa. Da ya ɗago daga baho sai ƙasa ta juya masa. Shi kuwa a zatonsa jinin ne ya hau, sai ya ƙara rabin ƙwaya. Ranar da ya kife cikin hulunan mutane, 'yarsa Sauda ta kwashe katakan ta kulle a ɗakinta, ta ce sana'a ta ƙare. Shi ne ya lallaɓa wajen Roda, maƙwabciyarsu ma'aikaciyar jinya, ko za ta sa baki.

Roda ta auna shi a zaune, ta sa ya miƙe, ta sake aunawa.

"Baba, jininka ba hawa yake ba, sauka yake yi."

Ta fahimtar da shi cewa jikin ɗan saba'in da huɗu ba na ɗan sittin ba ne. Ya rame, ƙoda ta rage saurin fitar da magani, abin da ya yi masa daidai a da yanzu ya fi ƙarfinsa.

Tsohon ya kwashe da dariya. "Wato hular tana nan yadda take, kan ne ya motse."

Ta hana shi ragewa da kansa. Washegari ta raka shi asibiti, likita ya rage ƙarfin maganin, ya ce a riƙa ganinsa duk wata uku.

Mako biyu jiri bai dawo ba, Sauda ta buɗe ɗaki, amma da sharaɗi: ya riƙa wanki a zaune kan benci, kuma kafin ya miƙe ya ƙirga goma.

"Na yarda, uwata," ya ce. "Da kin ce ashirin ma."

Ya shafa katakan ɗaya bayan ɗaya kamar mai gaida tsofaffin abokai. Ya ƙirga gomarsa da ƙarfi don ta ji, ya miƙe, ya ɗauki bokiti ya nufi famfo, don Juma'a saura kwana biyu.