Alƙali, Ka Tafi Ba Mu Gama Maganar Katafila Ba

Ranar Talata, tara ga watan Satumba, da hantsi, ina zaune a ƙofar gida sai na hangi mai kemis ya tsallako titi da farar rigarsa ta aiki, ko shagon bai tsaya rufewa ba. Mun daɗe ba ma gaisawa da shi, don haka da na ga ya durƙusa a gabana na san ba lafiya ba. Ya ce, "Baba, Alƙali ya cika." Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Shekararka arba'in da shida. Ni da na ba saba'in baya ina nan zaune, kai ka tafi.

Ban yi boko ba. 'Yata ce take rubuta wannan, ni ina faɗa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana. Wanda bai san ka ba zai ɗauka alƙalin kotu ne ya rasu. A'a, mai gyaran waya ne, shagonsa na kallon gidana. Sunan ya bi ka ne saboda gasar wasan dodanni na cikin waya da kake shiryawa a ɗakin bayan shagon, duk Asabar ɗin ƙarshen wata, kai ne mai yanke hukunci idan gardama ta tashi.

Shekara arba'in na yi ina walda. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ni, babban ɗana ya kwashe injina da kayan aikina ya fitar da su daga gida ba tare da ya tambaye ni ba, wai don kada in yi sha'awar komawa. Har yau ban huce ba, kuma ya sani. Likita ya ba ni wata ƙwallon roba ya ce in riƙa matsawa, kamar ni jariri ne. Na jefa ta kan rufin maƙwabta. Kai kaɗai ne ba ka yi mini wa'azi ba. Ka tsallako da wata tsohuwar waya ka ce, "Baba Mai Walda, riƙe mini wannan, danna nan, ina so in ga ko gilashin yana amsawa." Na danna, sai wani dodo ya yi tsalle ya watsa wa wani wuta. Ashe dabara ka yi mini. Babban yatsana na hagu da ya yi wata huɗu a sandare, a kan wayar nan ya fara lanƙwasawa.

Ba na iya karanta rubutun da ke fitowa a fuskar wayar. Sai ka sami bayan kwalin batura ka zana mini da biro: na ruwa yana kashe na wuta, na wuta yana narka na ƙarfe, na ƙarfe yana sare na itace, da kibiya daga wannan zuwa wancan. Zanenka ba kyau, dodon ruwan kamar buta ya fito. Amma da shi na koya. Kowa yana zaɓen dodanni huɗu, ana kai hari bi da bi, wanda nasa suka ƙare ya sha kashi. Ba ka taɓa ƙosawa da tambayoyina ba, ko da kana tsakiyar ɗinke wata 'yar waya siririya kamar gashi. Na taɓa tambayarka inda dodannin suke kwana idan an kashe wayar. Ba ka yi dariya ba. Ka ajiye abin da ke hannunka ka yi mini bayani har na ce ya isa, ban gane ba amma na gode.

Haka kake da kowa. Na ga tsohuwa ta kawo wayar da ta faɗa a ruwa, tana kuka saboda muryar mijinta marigayi tana ciki. Kwana uku ka yi a kanta har ka fito da muryar. Na ga ka sa wa ɗakin gasa ƙarin benci mai jingina, ka ce don kowa ne, alhali duk ɗakin ni kaɗai ne mai ciwon baya.

To, sai maganar Katafila. Wani dodo ne mai kama da kunkuru, bayansa duk ƙarfe, yana tafe yana fitar da hayaƙi. Ni na laƙaba masa sunan, kowa ya ɗauka. Tunda na gan shi na ce wannan aikin mai walda ne. Duka ba ya ratsa shi, kuma duk bugun da aka yi masa ƙara masa ƙarfi yake. Na yi renonsa wata biyar. Na shiga gasa da shi na ci kofi. Wata na biyu na sake ci. Na uku ma haka. Ni da 'ya'yana suke hana ni ɗaukar bokitin ruwa, ga ni ina tsallake titi da kofi a hannu, mutane na tafi.

A wata na huɗu, cikin mutum goma sha shida da suka zo, sha ɗaya da Katafila suka zo. Kafin a fara, mai kemis ya miƙe ya ce a hana shi. Ya ce dodanni sun fi ɗari biyu a wasan amma duk an jingine su, gasa ta koma kunkuru yana karo da kunkuru har mutum ya yi gyangyaɗi. Na ce waɗanda suka ƙera wasan su suka saka shi, kai wane ne da za ka cire? Idan ƙarfe ya yi tauri ba hana shi ake yi ba, wuta ake ƙarawa. Wata tela da ke cikinmu, mace mai kaifin kai, ta ce a raba gasar biyu, manyan dodanni su kara da junansu. Wani malamin lissafi ya ce mu goma sha shida ne kacal, idan aka raba ɗakin zai zama kango. Aka ɗaga hannu, takwas da takwas. Kowa ya juyo yana kallonka.

Abin da ka faɗa har yanzu yana kunnena. Ka ce, "Ni ga yadda nake auna dodo. Ba na duba abin da gwani ya yi da shi. Ina duba abin da wanda ya fi kowa rauni a cikinmu ya yi da shi. Idan ya ci kofi sau uku a jere, to dodon ne yake wasan, ba mutumin ba." Ba ka ambaci sunana ba. Ba ka buƙata. Na ɗauki sandata na fita, na yi wata bakwai ban taka shagonka ba. Kullum da safe kana ɗago mini hannu daga can, ni kuma ina duban sama kamar mai neman hadari.

Amma tambayar ta hana ni sakat. Kofuna ukun nan da ke kan durowata, nawa ne ko na kunkuru? Ko ina cin abinci su nake kallo. Kuma na ji labari bayan an hana Katafila wani maciji mai walƙiya ya zama sarkin ɗakin. To ina abin zai tsaya? A hana na ɗaya, na biyu ya zama na ɗaya, a hana shi ma, har sai ɓera kaɗai ya rage?

Kwana tara kafin rasuwarka na ji ciwon ƙoda ya kwantar da kai, na sa 'yata ta kai ni asibiti da rana. Kana kan gado kusa da taga, ana yi maka ƙarin ruwa, mai ɗakinka tana gefe. Ka rame har na so in koma.

Ka ce, "Baba Mai Walda! An janye takunkumin ke nan?"

Na ce, "Ba wurinka na zo ba, hanya ce ta biyo da ni."

"Hanya ta biyo da kai hawa na uku?"

Mai ɗakinka ta rufe baki da mayafi. Na zauna na zazzage maka duk tambayoyina. A kan macijin ka ce, "Ba ƙarfi nake hanawa ba, Baba. Macijin nan ana iya yi masa dabara, tela ta kayar da shi sau biyu. Abin da nake hanawa shi ne wasan da ya ƙare tun kafin a zauna." Na ce to me ya sa ni ka mayar ma'auni? Sai ka ce ai a wurina ka koya. Ka tuna mini ranar da na kafa maka ƙofar shago: da na gama ban kira ƙato ya gwada ta ba, marigayiya matata na kira ta tura da yatsa ɗaya, na ce idan ta buɗu a hannunta to aiki ya yi.

Gaskiya ka faɗa, haka nake yi. Amma na ce, "Ban taɓa tara mutum goma sha shida na ce musu ita ce mai rauni ba."

Sai ka ce, "Wannan kam na yi kuskure. Ɗauko wayarka, mu buga ɗaya ba kunkuru."

Muka buga, na ci ka. Sai dai ga allura a bayan hannunka, kuma na ga ka danna wani hari da ko ni na san ba shi ya dace ba. Ciwo ne ya sa, ko bar mini ka yi? Na so in tambaya, ma'aikaciyar jinya ta shigo ta ce lokaci ya yi. Na ce zan dawo jibi. Ban dawo ba, ƙafata ta kumbura, kuma na ɗauka akwai sauran lokaci.

Asabar ɗin da ta wuce mai ɗakinka ta ba da makulli aka buɗe ɗakin gasar, ta ce ba ka son a fasa gasa. Mai kemis ya miƙe ya ce sun yi shawara, za a dawo da Katafila don a faranta mini. Na ce ban zo a ji tausayina ba, kuma ba za a warware hukuncinka kana inda ba za ka iya kare shi ba. Na shiga da dodanni huɗu na talakawa. Na kara da malamin lissafi, wanda lafiyarsa ƙalau kuma ba ya ƙaunata balle ya bar mini. Na ci shi da ƙyar, dodona na ƙarshe saura numfashi ɗaya. A zagaye na biyu tela ta share ni cikin minti huɗu.

Ka ji amsar, Alƙali. Kofunan na kunkuru ne. Wasa ɗayan nan da na ci malamin lissafi kuwa nawa ne, kuma ya fi mini su.

Da gardamar macijin ta sake tashi, suka rasa mai yanke hukunci, suna ta kallon kujerarka. Na buga sanda a ƙasa na ce a ba ni macijin in riƙe wata uku. Idan na ci kofuna da shi, a hana shi. Idan aka kayar da ni, a bar shi ya sha iska. Mai kemis ya ce, "Baba, ka san abin da hakan ke nufi?" Na ce na sani, ni ne na fi kowa rauni a ɗakin nan, kuma da bakina na faɗa, ba wani ya faɗa mini ba.

Na yafe maka maganar ranar nan. Ka yafe mini gaisuwar wata bakwai da na ƙi amsawa.

Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi. Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya saka maka da Aljanna saboda hannun da ka tayar mini da zukatan da ka faranta. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka da 'ya'yanka uku, da mahaifiyarka wadda ta ga abin da kowane mahaifi yake roƙon kada ya gani, da 'yan'uwanka, da duk mutanen ɗakin baya, har da mai kemis. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya raya abin da ka bari, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.