Neman Abin da Zai Tsayar da Bindigar Yaya Sani

Kano, Talata

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na bar gida, don sai na biya ta Dakata wajen Yaya Sani kafin in wuce filin jirgi. Yayana ne ciki ɗaya, tsohon soja, kuma shi ke koya wa matasa harbin allo a wata ƙungiyar wasanni. Da damina hawan jini ya taɓa masa ɓarin hagu, tun daga nan hannun ke rawa. Akwai gasar tsofaffi a ƙarshen wata, wadda aka yarda a ɗora bindiga kan jaka. Da bakinsa ya ce in ya kasa a wannan, ya ajiye bindiga ke nan har abada.

Ya miƙo mini jakunkunan fata biyu da baduku ya ɗinka masa, ta gaba da ta baya, duk wayam. "Na zuba gero, ɓeraye sun yi walima. Na zuba yashi, ya sha danshi ya daskare kamar bulo. Tunda za ka Sin, ka nemo mini abin kirki."

Na ce, "Yaya, an gama." Alhali wallahi ban san me zan nema ba.

Jirgi ya tashi ɗaya da rabi na rana, muka yi zangon awa huɗu a Addis Ababa.

Guangzhou, Laraba da Alhamis

Mun sauka huɗu da minti ashirin na yamma. Jami'in kwastan ya juya jakunkunan nan, ya leƙa ciki, ya dube ni, ya mayar. Alhaji Isuhu, Bamaraɗe da ya daɗe a garin yana yi mana dillancin kaya, shi ya tarbe ni. Minti arba'in a jirgin ƙarƙashin ƙasa muka isa masauki, kuma ko minti ɗaya jirgin bai makara ba. Mutanen nan da lokaci, sai dai a sara musu. Muka ci tuwon shinkafa miyar kuɓewa a ɗakin abincin wata 'yar Yamai, yuwan talatin kwano a kuɗin Sin.

Alhamis na ƙarar da ita a kasuwar tufafi ta Baima kan nawa kayan, riguna da wanduna, aka ɗaure su sai tashar ruwa ta Nansha.

Asabar

Nan aka sha wuya. Shago bakwai muka shiga a unguwar Tianhe, ko'ina ana girgiza mana kai ana cewa "meyo", wato babu. Daga bisani wani ya rubuta mana sunan wata kasuwa da ake sayar da abin cika matashin kai da 'yan tsana, tafiyar kilomita goma sha biyu a tasi.

Ina shiga wani shago na ga wani farin soso ƙanana-ƙanana, buhu guda ka ɗaga da yatsa ɗaya. Raina ya yi fes. Mu 'yan kaya ba mu da maƙiyi kamar kilo, duk abin da ba shi da nauyi a jirgi shi ne mai kyau a wajenmu. Na ce a auna mini buhu biyu.

Mai shagon wata dattijuwa ce mai gajeren gashi, kowa na ce mata Lawban, wato shugaba. Ta tambaya ta na'urar fassara a wayarta, me zan yi da shi? Da ta ji, sai ta janye buhun.

Alhaji Isuhu ya fashe da dariya. "Malam Habu, yau ka ga mai sayarwa ta hana mai saye!"

Ta cika jakar gaba da soson, ta ɗauko guntun bututun ƙarfe, ta ɗaure masa 'yar fitila mai jan haske, ta ɗora. Jan ɗigon ya yi ta yawo a bango. Kunya ta kama ni. Da na kai wa Yaya wannan, da ni ne na kayar da shi.

Ta ce in kira mai bindigar. Ƙarfe uku a can, takwas na safe a Kano. Yaya Sani ya fito a bidiyo, ya nuna yadda ake matse jakar baya da hannun hagu don daidaita saiti. Ta kalli hannun yana rawa, ta sa ya maimaita sau biyu.

Sannan ta yanke hukunci. Jakar gaba yashi zalla, kuma kada in ɗauki yashi daga Sin, namu ya isa: a wanke sau uku, a tankaɗe, a soya a kasko har danshi ya fita, a sa a leda mai kauri kafin fata. Ta baya kuwa a gauraya yashin da 'yan ƙwayoyin roba masu nauyi, girman dawa, a cika ta tam, yadda in ya saita sau ɗaya za ta riƙe da kanta, ya janye hannun hagun gaba ɗaya. Kilo biyu kacal na ƙwayoyin ta sayar mini, yuwan ashirin. Na yi ta "shiye-shiye", godiyarsu ke nan, ita kuwa har ta juya kan wani mai ciniki. Ban taɓa ganin mai sana'a da ta burge ni haka ba.

Kano, Laraba zuwa Asabar

Na sauka sha biyu da rabi na rana. Washegari muka ɗebo yashi daga kogin Challawa, matar Yaya ta soya shi tana mita wai tunda take ba ta taɓa dafa ƙasa ba.

Asabar ƙarfe tara muka je filin harbi don gwaji. Ya kwanta, ya saita, ya ɗora hannun hagun a gefe yana ta rawarsa shi kaɗai. Harbi biyar. Da aka kawo allon, tafin hannuna ya rufe hujin duka biyar.

Ya daɗe yana kallon allon, na ga ya kawar da kai yana goge ido da hula. Can ya ce, "Habu, je ka rubuta sunana a gasar nan."

Alhamdu lillahi da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya. Alhaji Isuhu, Allah Ya saka da alheri, kuma in ka bi ta kasuwar nan, ka gaya wa Lawban tsohon bai ajiye bindiga ba.