An Ɗaure Karnukanka, Chacha Wazir

Mai rai ya karɓi abinsa, kuma gare Shi dukanmu za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga Rajab, bayan azahar, Chacha Wazir Bacchus, baffanmu, ya rasu a gidansa da ke bayan garin Anna Regina, da taɓon lambu a ƙafarsa.

Chacha, ni ne Fazal, wanda ya addabe ka. Ni ne na samo busasshen kofaton barewa na bi kunyoyin kuɓewarka ina danna sawu, ka yi kwana biyu kana neman ɓarakar da babu ita a shinge. Da ka gano ni ba ka dake ni ba. Guduma ka miƙo mini, ka ce, "Tunda kai ne barewar, zo ka nuna mini ta inda kake shiga, ja'iri." Ranar na koyi aikinka: shinge biyu, ɗaya cikin ɗaya, karnukanka Kaftin da Lalu suna zagaye a tsakani. Ba su taɓa taka cikin gida ba. Kuma a layinmu babu tukunyar da ba ta dafa kabewarka kyauta ba.

To ga abin da aka yi maka. Ɗanka Shameer ya sauka daga Toronto, masu karatu suka ce masa mala'iku ba sa zuwa inda kare yake. Karnukan da ke can ƙarshen lambu! Ya sa aka ja su gidan maƙwabta aka ɗaure. Sannan aka ɓalle kwanon shingen baya, aka yi wa masu zaman makoki rumfa.

Na ce, "Yaya Shameer, bareyi fa?"

Ya ce, "Kai Fazal, yau ma wasa?"

Safiyar addu'ar uku matarka, Chachi Zorina, ta leƙa lambu. Wake, kuɓewa, alayyafo, har ganyen rogo, babu. Sai kara da kashin barewa. Lambun da zai ciyar da ita bayanka ke nan. A rumfa kuwa ana suɗe miyar kabewarka da gurasar roti, ana roƙon Allah ya yafe maka kiwon kare.

Ban jira sun watse ba. Na ɗauko gudumar nan na fara ɓamɓare kwano a kansu, rana ta sauko musu a ka. Na kwance karnukan, suka ruga suka tsaya daidai inda aka ɓalle. Irin kuɓewar da ka adana a kwalba yana hannun Chachi. Ranar Asabar za mu shuka.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa ka a lambun da ba ya bukatar shinge. Allah ya ba Chachi Zorina haƙuri da dangana, ya ba Shameer haƙuri, ya ƙara masa hankali. Amin.