Baba da Jinkirin Transisto

Jiya a Sabon Tasha, ƙaurin dalma daga shagon wani mai gyaran waya ya tuna mini da Baba, maƙwabcinmu a unguwar Television, tsohon malamin lantarki. Bai taɓa ɗaukar cif, ɗan ƙwaƙwalwar na'ura, ba sai ya fara dafa ƙarfen taga, domin ya ce cajin jikin mutum kaɗai yana iya kashe cif ɗin.

A shekarata ta ƙarshe a makaranta, na'urar ƙirga da na haɗa ta riƙa tsallake lambobi da zarar na ƙara mata sauri, ga ranar gabatarwa ta matso. Na kai masa ina hawaye. Ya jona ta da wata tsohuwar na'ura mai koren allo, ya nuna mini layin wutar yana hawa a karkace.

"'Yata, a kowace ƙofar da siginar ke bi cikin cif, transisto biyu ke aiki, ɗaya ya ɗaga wuta, ɗaya ya sauke ta. Ba nan take suke yi ba. Kin jera ƙofofi da yawa, kowace da nata jinkiri."

"Baba, ke nan ba ta lalace ba?"

"Lafiyarta ƙalau. Kina tambayarta ne kafin ta gama amsawa."

Hannunsa na rawa saboda tsufa, don haka ni na rage ƙofofin, shi yana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa. Da ta ƙirga daidai, sai da ya share gilashinsa.

Ban koma na gaya masa na ci jarrabawar ba sai a bakin gadonsa na asibiti. Ubangiji ya ba shi hutawa, ya ba ɗaliban da nake koyarwa yanzu malama mai rabin haƙurinsa.